Kafin ka tura kuɗin feda: Abin da mai kaɗa jitar bes ya kamata ya fara saya

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kana kwance kana latse-latsen waya, sai TikTok ya jefo maka wani bidiyo. Wani matashi ne a ɗakinsa rungume da jitar bes, a gabansa an jera wasu 'yan akwatuna kala-kala, kowanne da 'yar fitilarsa. Ya sa ƙafa ya taka ɗaya, sautin ya koma gurnani. Ya taka na biyu, ka ji kamar kwaɗo na magana a cikin rijiya. Kafin gari ya waye ka nemo sunan akwatin farko, ka tura hotonsa ga mai kawo kaya daga Legas, ka fara lissafin 'yan kuɗin da ka yi wata huɗu kana tarawa.

To ɗan dakata tukuna. A ina ka saurari bidiyon nan? A lasifikar waya. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu, wadda ake kira E, tana karkarwa ne kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa 41 Hz. Idan mai biyar ce, ta ƙarshe, wato B, kusan 31 Hz take. 'Yar lasifikar da ke jikin wayarka ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, ko kusa da shi. Saman sautin kawai ya shiga kunnenka. Babbar tambayar da mai bes ya kamata ya yi wa kowace feda ita ce: tana barin kaurin sautina yadda yake, ko cinye shi take yi? Wayarka ba za ta taɓa ba ka amsar wannan ba, kuma a nan ne da yawa suke yi wa rogo kallon kitse.

Kayan nan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi, don haka kuskure ɗaya ya isa ya tafi da ajiyar watanni. Ko kana kaɗawa a bayan mawaƙa a Jos ko Kaduna, ko kina koyo a ƙungiyar makaranta, ko kana bin makaɗan biki a Yamai ko Agadas, ko kuwa a ɗaki kake ɗaukar bidiyo don Instagram, lissafin ɗaya ne: fara sayen abin da zai kai sautinka ga lasifika lafiya, kayan ƙawa su biyo baya.

Me ya sa fedar jita ba lallai ta dace da bes ba?

Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka a 1951, aikin mai bes bai canja ba. Shi ne yake ɗinke ganga da sauran kayan kiɗa. Idan ka taɓa tsayawa kusa da manyan lasifiku a wurin biki ka ji ƙirjinka yana amsawa, to wannan sautin ƙasa shi ne amanar da aka ba ka. Masu rawa shi suke bi, ko da ba su san sunan abin da ke kaɗa shi ba.

Tsirkiyar ƙasa ta jita mai tsirkiya shida kusan 82 Hz take, ninki biyu na ta bes. Masu ƙera fedojin kaushi na jita, irin su obadiraif da distoshin, da gangan sukan rage sautin ƙasa kafin su gurza sauran, domin idan aka gurza sauti mai zurfi sosai, cakwalkwali yake zama. Ɗauki Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, koriyar fedar nan da ta yi suna a duniya. Tana turo tsakiyar sauti gaba, wajen 720 Hz, ta bar na ƙasa a baya. A jita abin daɗi ne. Ka jona ta a bes ka taka, a ɗaki kai kaɗai za ka ji kamar ka samu duniya, amma da zarar mai ganga da mai fiyano sun shigo, sai a neme ka a rasa. Sautinka ya yi tsini, gindin waƙar ya zube.

Maganin da masu ƙera fedojin bes suka samo shi ne maɓallin da ke gauraya sautinka na asali da wanda aka gurza. A wasu fedojin za ka ga an rubuta masa Blend, a wasu Dry. A Boss ODB-3 sunansa Balance, ita kuma Bass Big Muff Pi ta Electro-Harmonix tana da makunnin Dry. Duk fedar kaushin da aka tallata maka, fara neman wannan maɓallin. In babu shi, kada ka biya sai ka ji ta a babbar lasifika.

Firiyam da DI: su ne sayayyar farko

Abin da ke ɗaukar karkarwar tsirkiya a jikin bes, wato fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Siginar da yake fitarwa mai rauni ce, kuma tana da zaɓen inda za a jona ta. Fikof ɗin da ba ya aiki da batir yana son mashiga mai turjiya babba, kusan ohm miliyan ɗaya. Ramin layi na miksa kuwa yawanci bai wuce ohm dubu goma zuwa ashirin ba. Shi ya sa idan ka cusa kebul ɗin bes kai tsaye a miksa, sautin yake fitowa a dushe, ba ƙarfi ba armashi, mai kula da miksar ya yi ta ƙara murya har tsaki da ƙugi su fara tashi. Ƙari a kan haka, kebul ɗin jita na yau da kullum idan ya wuce kamar mita shida yakan fara rage hasken sauti, ya kuma kwaso hayaniyar lantarki.

Akwatin DI aikinsa ke nan. Yana mayar da siginar bes irin ta makirufo, ta fita ta kebul mai ƙafa uku da ake kira XLR, wanda zai iya tafiyar mita talatin ko hamsin ba tare da matsala ba. Shi kuma firiyam yana ƙarfafa siginar, ya ba ka damar gyara ta: ƙara ko rage ƙasa, tsakiya da sama. Yawancin akwatunan da ake sayar wa masu bes a yau sun haɗa biyun a jiki ɗaya.

Me ya sa na ce su ne farko? Tambayi kanka sau nawa ka taɓa zuwa wasa da amfilifayarka. Ampeg SVT, wadda aka fito da ita a 1969 kuma har gobe ake kwatance da sautinta, kanta kaɗai ya haura kilo 35, ban da akwatin lasifikunta. Wa zai ɗora wannan a A Daidaita Sahu? Kai abin da ka tarar a wurin taro da shi za ka yi aiki, wata rana amfilifaya mai kyau, wata rana miksa kawai da lasifikun haya. Firiyam mai DI yana shiga aljihun jakar bes, kuma duk inda ka je sautinka yana tare da kai. Kada ka raina jonawa kai tsaye. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown a Ditiroit a shekarun 1960, kai tsaye ake jona Precision ɗinsa a na'urar ɗaukar sauti, ba jeren fedoji a gabansa, kuma har yau ana koyon salonsa.

Duba bayan bes ɗinka. Idan akwai 'yar ƙofar batir mai 9V, to akwai ƙaramin firiyam a cikinsa tun daga kamfani, kamar yadda Music Man StingRay ta zo da shi a 1976. Irin wannan bes DI mai sauƙi marar batir ma ya ishe shi a farko. In kuwa babu batir, nemi DI ko firiyam mai aiki da wuta. Kuma ka riƙa zare kebul daga jikin bes mai batir idan ka gama, domin muddin yana jone batirin na ci.

Wanne daga ciki?

Sunan da za ka fi cin karo da shi shi ne SansAmp Bass Driver DI na kamfanin Tech 21 da aka kafa a Niyok. Injiniya Andrew Barta ne ya fito da SansAmp na farko a 1989, na bes ya biyo baya a shekarun 1990. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga sun gane sunan, domin kalmar farkonsa a Faransanci tana nufin "ba tare da": sautin amfilifaya ba tare da amfilifaya ba. Yana kwaikwayon ɗumin tsofaffin amfilifayoyi masu kwalaben wuta, yana da Blend, kuma yana aiki da batir, da adafta, ko da wutar 48V da miksa ke turowa ta kebul ɗin XLR. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin amfani ba ne a wurin da soket ya yi nisa. Rauninsa shi ne tsohon samfurin ba shi da maɓallin tsakiya, kuma idan ka ɗaga ƙasa da sama tare, tsakiyar takan lotsa, ka ɓace a cikin taron kayan kiɗa. Samfuri na biyu ya gyara wannan da maɓallin Mid. Idan na hannu za ka saya, ƙirga maɓallan don ka san wanne ne.

Behringer BDI21 an ƙera shi ne a kan tsarin tsohon SansAmp, maɓallansu ma kusan iri ɗaya ne, kuma kuɗin SansAmp guda zai sayi irinsa da yawa. Sautinsa ya kusa ƙwarai. Inda arahar ta fito shi ne jikinsa na roba ne, kuma ba ya karɓar wuta daga miksa, sai batir ko adafta. An ce araha ba ta ado, amma ga mai farawa wanda ba ya tsalle a kan kayansa, wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan. Ya fi a zauna shekara ana jiran kuɗin babba ana jona bes a ramin miksa.

MXR M80 kamar akwati biyu ne a ɗaya: ɓangaren sauti mai tsabta da maɓallan ƙasa, tsakiya da sama, sai ɓangaren distoshin mai makunninsa daban, da Blend ɗinsa, da abin da ke toshe tsaki idan ka daina kaɗawa. Ya dace da wanda yawancin waƙoƙinsa masu laushi ne amma wani lokaci yana son ya yi ruri a amshi. Idan ba ruwanka da kaushi sam, ƙanensa M81 tsabta zalla yake bayarwa, kuma yana barinka ka zaɓi wane yanki na tsakiya za ka ɗaga.

Aguilar Tone Hammer shi ma yana da wannan zaɓin tsakiya, sautinsa mai ɗumi da nauyi, irin wanda ke kwanciya daidai a ƙarƙashin murya a gosfel, hailaif ko rege. Sai dai lura, 18V yake ci, don haka adaftar sauran fedojinka ba za ta yi masa ba.

Sai Darkglass Microtubes B7K, wanda akwai yiwuwar shi ka gani a bidiyon nan na dare. Douglas Castro, injiniya ɗan ƙasar Chile, shi ya kafa kamfanin, mazauninsa kuma Helsinki a Finlan. Sautinsa mai kaifi ne da cizo, masu kiɗan rok da metal na zamani suna ji da shi, kuma da yake cizon nasa a tsakiya da sama yake, yana fita raɗau a lasifikar waya. Kaya ne mai kyau, mai tsada. Amma idan aikinka bayan mawaƙin biki ne ko ƙungiyar coci, rabin abin da ka biya kuɗinsa ba za ka taɓa kunnawa ba.

Biyu da ba a yi musu bidiyo

Babu wanda ke samun mabiya da bidiyon tiyuna, wato na'urar saita tsirkiya, amma ita ce fedar da za ka fi takawa. Zafin rana da sanyin hunturu duk suna motsa katakon wuyan bes, saiti ya goce. Manhajar waya tana aiki a ɗaki, amma a wurin taro hayaniya za ta ruɗa ta. Tiyuna ta ƙasa irin Boss TU-3 tana karanta sigina daga kebul, kuma idan ka taka ta tana kashe sautinka, ka saita a ɓoye, ka zare kebul ba tare da lasifiku sun yi tsawa ba. In kuɗi bai kai ba, 'yar ƙaramar da ake maƙalawa a kan bes ma ta wadatar, sai dai ka gwada ta a tsirkiyar ƙasa kafin ka saya, don wasu ba sa kama B.

Ta biyu ita ce kwamfiresa. Idan ka saurari abin da ka ɗauka ka ji wasu sautuka suna tsalle wasu suna nutsewa, musamman in kana dukan tsirkiya da babban yatsa, ita ce ke danne masu ƙarfin don a samu daidaito. Idan aka saita ta a 4:1, duk abin da ya haura iyakar da ka sa da mataki huɗu, mataki ɗaya kawai za ta bari ya wuce. Nemi mai fitilun da ke nuna yawan dannewar, kamar MXR M87, domin kunnen mai koyo ba ya saurin gane aikinta, sai ya yi ta murɗawa har ya shaƙe sautin. Amma ka sani, kwamfiresa ba ta gyara yatsu. Idan hannunka bai daidaita ba, motsa jiki da metironom zai fi yi maka amfani, kuma kyauta ne.

Kayan ƙawa

Yanzu mu zo kan waɗanda suka hana ka barci. Fedar oktaf tana ƙara maka wani sauti a ƙarƙashin wanda ka kaɗa, ya fito kamar bes ɗin kibod. Boss OC-2 ta 1982 ita ce uwarsu, kuma Pino Palladino ya sa ta yi suna a waƙoƙin Paul Young na shekarun 1980. Ga mai son kwaikwayon bes ɗin kwamfuta na afrobit da amapiyano a kan dandamali, wannan ce ta fi kusa da zama ta aiki. Sharaɗinta, irin tsohon tsarin nan sauti ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma ta fi bin sawu idan ka kaɗa a tsakiyar wuya zuwa sama. Idan ka taka ta a kan E ta ƙasa, abin da za ta fitar kusan 20 Hz ne, inda lasifikun haya ba sa zuwa, sai dai su wahala a banza.

Mai sautin kwaɗon nan filta ce, jikar Mu-Tron III ta 1972 wadda Bootsy Collins ya shahara da ita. Ƙarfin bugun yatsanka take bi ta buɗe ta rufe, don haka sa ta kafin kwamfiresa. Koras kuma tana sa sauti ya yi kamar bes biyu ne ke tafiya tare. Boss CEB-3 tana da maɓallin da ke hana wannan lilo taɓa sautin ƙasa, kuma shi ne dalilin da ya sa aka yi ta daban da ta jita.

Kafin ka sayi ko ɗaya, ɗauki jerin waƙoƙin da kuka kaɗa a wasanku na ƙarshe, ka ƙirga a guda nawa za ka taka ta. Idan amsar ɗaya ce cikin ashirin, ta jira.

Idan sun taru, tsarin da aka fi bi daga bes shi ne tiyuna, oktaf, filta, kwamfiresa, fedar kaushi, koras, sannan firiyam mai DI a ƙarshe, don duk abin da ka taka ya isa miksa.

Akwati ɗaya mai komai fa?

Ga wanda bai san ma wane sauti yake so ba tukuna, wannan ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Zoom B1 Four, misali, tana ɗauke da kwaikwayon fedoji da amfilifayoyi masu yawa, tana haɗa har biyar a lokaci guda, tana da tiyuna da gangar koyo, za ka iya sa iyafis ka yi atisaye da dare ba ka tashi kowa ba. Tana aiki da batir AA huɗu ko ta USB, ma'ana fawabank ɗin wayarka zai iya riƙe ta ranar da aka ɗauke wuta. Abin da ba ta da shi shi ne mafitar XLR, don haka za ka buƙaci ƙaramin DI a bayanta idan za a kai ka miksa mai nisa. Kuma sautukan da aka zuba mata daga kamfani an yi su ne don burge mai gwaji a shago, sun cika ado. Buɗe wuri marar komai, ka gina naka daga firiyam ɗaya da kwamfiresa. Bayan wata shida za ka ga waɗanne biyu ko uku kake komawa gare su kullum, sai ka san inda kuɗinka na gaba zai tafi.

Wuta: inda ake ƙona kuɗi a daƙiƙa ɗaya

Yawancin fedoji 9V suke ci, kuma a tsarin da Boss ta yaɗa, tsakiyar bakin adaftar shi ne nagetif. Adaftar dikoda ko ta rauta da ke yawo a gida galibi 12V ce, tsakiyarta kuma fozitif. Bakin zai iya shiga daram, amma abin da zai biyo baya ƙauri ne. Duba ɗan zanen da ke kusa da ramin wutar fedar, ka duba na jikin adaftar, su zama iri ɗaya. Duba kuma lambar mA: ta adaftar ta kai ko ta fi abin da fedar ke buƙata. Fedojin analog kaɗan suke ci, masu kwamfuta a ciki kuwa suna iya neman ɗaruruwa, kuma idan ka haɗa su a kebul ɗaya da sauran, sukan jefa musu tsaki.

Idan daga Amurka aka aiko maka, karanta jikin adaftar kafin ka kai ta soket. Can 120V suke amfani da shi, mu kuma a Najeriya da Nijar 220V zuwa 230V ne. Wadda aka rubuta wa 100-240V ba matsala, wadda aka rubuta wa 120V kaɗai kuwa ajiye ta. A wurin da ake aiki da janareta, kada ka jona kayanka sai injin ya daidaita, kuma ka zare kafin a sauya layi.

Sai ƙugin nan da ke tashi idan an haɗa amfilifaya da miksa. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙugin ma a 50 Hz yake, sautin G na gida na uku a tsirkiyar E kuma 49 Hz ne. Ka ga ke nan idan mai miksa ya ce zai yanke ƙugin da maɓalli, da naka sautin zai haɗa. Maganin yana jikin DI: makunnin da aka rubuta wa Ground Lift. Danna shi, sau da yawa ƙugin zai ɗauke. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya, ko da wani ya ce maka haka ake yi. Tsirkiyoyin da ke hannunka ƙarfe ne kuma a haɗe suke da jikin na'urar. Wannan ƙafar ce ke tsakaninka da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a ciki.

Yadda za ka gwada biyu ka san ta gari

Je da bes ɗinka da kebul ɗinka, don feda tana canja hali daga bes zuwa bes. Abu na farko, daidaita ƙarfin murya. Tun 1933 masana sauti Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin ƙasa sosai idan murya ta yi ƙasa, yana ƙara jinsa idan an ɗaga. Saboda haka duk fedar da ta fi ƙara ko da kaɗan, za ka rantse ta fi kauri. Murɗa Level har ƙarfin ya zama ɗaya ko an taka ko ba a taka ba, sannan ka yi hukunci.

Kaɗa tsirkiyar ƙasa a buɗe, ka taka, ka saki, ka saurari ko gindin ya ragu. Kunna wata waƙa ko gangar manhaja ka bi ta, domin sautin da ya fi daɗi shi kaɗai sau da yawa shi ne ke ɓacewa a cikin jama'a. In da hali, ɗauki gwajin biyu ka saurara washegari da iyafis mai kyau.

Idan ta hannu ce, murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana saurare. Ƙarar yashi alamar ƙura ce, wadda ba baƙuwa ba ce a wajenmu, kuma feshin wanke lantarki yakan magance ta. Girgiza kebul a ramukan shiga da fita, taka makunnin sau goma, buɗe gidan batir ka duba tsatsa, gwada mafitar XLR a miksa ta gaske. Mai sayarwa a intanet da ya ƙi yarda a gwada, ko ya ƙi turo bidiyon kayan a kunne, bar masa abinsa.

Kai kuma mai son a ji bes ɗinka a TikTok, ga dabarar. Kowane sauti da ka kaɗa yana tafe da 'ya'yansa a sama: E mai 41 Hz tana da 82, da 123, da 165, haka har sama. Idan kunne ya ji 'ya'yan, ƙwaƙwalwa takan cike uwar da kanta. Don haka ƙara Bass ba zai sa a ji ka a waya ba. Ɗan ɗaga tsakiya wajen 700 zuwa 1000 Hz, ka sa Drive kaɗan yadda ba za a ce kaushi ne ba, ka ɗauka ta kebul maimakon makirufon waya. Firiyam mafi araha a cikin waɗanda muka lissafa zai yi maka wannan.

Kuɗin nan na wata huɗu, ga yadda zan raba su da ni ne kai. Sababbin tsirkiyoyi idan naka sun shekara, da kai bes ɗin wurin wanda ya iya saita wuya. Kebul mai kyau guda biyu. Tiyuna. Firiyam mai DI daidai aljihunka, da adaftar da ta dace da shi. In an samu canji, ajiye shi. Ka yi wasa uku ko huɗu da waɗannan, ka roƙi wani ya ɗauko maka sautin daga tsakiyar jama'a, ka saurara da kyau. Abin da ka ji ya rage a wannan ɗaukar, shi za ka tura wa mutumin Legas hotonsa.